Jinya a Hannun Suruki

Duk wanda ya ji an yi mini aikin baya a ƙasar waje, abin da yake fara tambayata shi ne wane asibiti ne, wane likita ne. Ni kuwa sai in ce masa ya ajiye wannan tukuna, ya faɗa mini wanda zai raka shi. Idan ya ce wane ne, sai in sake tambayarsa: za ka iya buɗe baki ka ce wa wanen nan ya miƙo maka fo? Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi. Ni kam ba wasa nake yi ba.

Ni tela ne. Gidanmu yana Koki, shagona yana Jakara, kuma tun ina saurayi nake taka keken ɗinki har bayana ya ce ya gaji. Ciwon ya fara daga ƙugu, ya gangaro cinyar hagu, ya kai ga idan na yi ruku'u sai an kama ni nake miƙewa. Likitocin Kano suka ɗauki hoto, suka ce ƙashi ne ya goce ya danne jijiya, sai an yi aiki, kuma idan aka yi jinkiri ƙafar za ta iya mutuwa. Abin da na fita nema ke nan: in dawo da ƙafar da zan taka keke da ita, in je masallaci ba tare da an riƙe ni ba.

Kakanmu Bafillatani ne da ya sayar da shanunsa ya zauna a birni. Shanun sun ƙare, Fillancin ma babu mai jinsa a cikinmu yanzu, kunyar ce kawai muka gada, ita kuwa mun gaje ta har da ƙari. To da wannan kunyar aka haɗa ni da mijin 'yata Ummi a matsayin mai jinya. Shi ne ya kawo shawarar Sudan. Ya ce a Khartoum ya yi karatu, ya san gari, yana jin Larabci, kuma aikin ya fi sauƙi a can. Ni ƙanena Sule na so ya raka ni, wanda muka tashi a tabarma ɗaya. Amma kowa yana ta sa wa yaron albarka, ta ina zan fara cewa ba na son surukina? Na yi shiru, aka ɗauki shirun a matsayin amincewa.

Mun sauka Khartoum ana gab da fara azumi. Masaukin da ya kama mana a saman bene yake, hawa na biyu, matattakalar kuwa a miƙe kamar tsani. Banɗakin na tsuguno ne. Mutumin da za a tsaga masa baya aka kama wa wannan ɗakin! Na hau ina cije leɓe, ina tsayawa ina yin kamar kallon gari nake yi. Da muka isa sama ya durƙusa ya ce, "Baba, ina fata wurin ya yi?"

Na ce, "Ya yi, madalla. Allah ya yi albarka."

Ga mai shirin tafiya: tun kana gida ka sa a nemo maka ɗaki a ƙasa, mai masai na zama. Ka tafi da jallabiya mai faɗi da takalmin da ake zurawa ba sai an sunkuya ba. Ni da hannuna na ɗinka wa kaina kaftanai masu wando da mazagi don in yi kyau a idon Larabawa, ban sa ko ɗaya ba.

Likitan da ya yi mini aiki ba ni da abin da zan ce da shi sai alheri. Dattijo ne mai sanyin hannu. Ya duba hotunan da na zo da su daga Kano, ya sa aka ɗauki sababbi, aka yi aiki aka ɗaure ƙashin da ƙarfe. Da na farfaɗo, abin da na fara yi shi ne motsa babban ɗan yatsan ƙafar hagu. Ya motsa. Zugin da ya hana ni barci shekara da shekaru na neme shi na rasa. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Wahalar daga nan ta fara. Wanda aka yi wa aikin baya jariri ne. Sai an juya shi, sai an goge masa jiki, sai an tara masa fo an zubar, kuma a asibitin nan yawancin wannan aikin na mai jinya ne. Nawa mai jinyar yana waje a baranda, kan kujera, da waya a hannu. Ladabi ne wai, ba zai zauna ɗaki ɗaya da surukinsa yana kwance ba riga ba. Lokaci-lokaci ya leƙo ya ce, "Baba, akwai abin da ake buƙata?" Marata kamar ta fashe, amma in ce babu. Na rage shan ruwa, na rage cin abinci, don kada buƙatar ta taso. Cikina ya ɗaure tamau kamar ganga.

Tafintar ma ta zama abin dariya. Likita ya zo zagaye, ya yi doguwar tambaya yana nuna cikina, yana kwatance da hannu yadda ko kurma zai gane yana tambayar ko na yi bayan gida, ko iska ta fita. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wai yana tambaya ko jikin da sauƙi."

Na ce, "Ka ce masa da sauƙi sosai."

Likita ya kalle ni, ya kalli cikin, ya girgiza kai. Kada ka yarda wanda kake jin nauyinsa ya zama bakinka a gaban likita. Rabin ciwonka a hanya zai zube.

Ranar sallama likitan ya ja mini kunne, kuma wannan karon na sa an fassara mini dalla-dalla. Kada in sunkuya, kada in murɗa jiki, kada in ɗauki ko buta cike da ruwa. Kada in daɗe a zaune. Idan zan tashi daga gado in mirgina gaba ɗaya kamar icce, in sauko da ƙafafu tukuna. Sallah a kwance ko a kan kujera. Ya ba ni ɗamarar baya, ya ce in dawo a cire zare, kuma kada in kuskura in hau jirgi ko in bi hanya mai gargada sai bayan makonni, sai shi da kansa ya ce in tafi.

Muka dawo masauki, na tsaya a gindin matattakalar nan ina kallonta, ita ma tana kallona. A nan ne wani tsoho baƙi mai tsage a fuska, yana zaune a inuwar wata tsohuwar a-kori-kura, ya ɗaga murya da Hausa ya ce, "Kai, wannan dogon hancin ai na Fulata ne! Wa ya karya mini bawa?"

Ban san lokacin da na ce, "Babarbare, har nan ka biyo ubangidanka?" ba.

Sunansa Malam Bukar. Kakansa ne ya taso daga Barno a ƙasa zai je aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya zauna. Shi Bukar bai taɓa ganin Najeriya ba, Hausarsa ma a cikin Hausawan can ya tsince ta, duk ta cakuɗe da Larabci, amma wasan Fulani da Barebari bai ɓace masa ba. Shi yake zaune a ƙasan benen da iyalinsa, yana dakon kaya da motar. A take ya sa aka kwashe buhunan da ke wani ɗaki kusa da nasa, aka shimfiɗa mini katifa a kan gado. Ya fasa gindin wata kujerar roba ya ɗora ta a kan masai, ya ce, "Ga gadon sarautarka, Fulata. Kakanka bai samu irinsa a ruga ba."

Surukina kuwa ya ci gaba da kwana a sama. Da safe ya sauko ya gaishe ni daga bakin ƙofa, ya ajiye mini burodi da waken da suke kira ful, ya fita, sai la'asar. Na ɗauka magani yake nemowa, ko kasuwa yake zuwa. Rannan ya dawo fuskarsa kamar gonar auduga, yana rungume da wani babban ambulan, ya ce, "Baba, a taya ni murna, shahadata ta fito." Ashe tun da ya gama karatu takardar shaidarsa take maƙale a makarantar, kuma masaukin da ya kama mana bayan katangar makarantar yake. Na ce masa barka. Da ya hau sama na kwanta ina kallon rufi, ina lissafa wanda ya rako wani tsakanin ni da shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na ce ba komai, yaro ne, ya haɗa tafiya biyu.

A goman ƙarshe na azumi, wata safiya ina kwance ina jan carbi, na ji wata ƙara da ta girgiza gilashin taga. Na ɗauka taya ce ta fashe. Sai ta sake, sai ta sake, sai jirage suka fara wucewa ƙasa-ƙasa. Mu mutanen Kano mun san ƙarar bam, mun ji ta a garinmu a shekarun baya, amma wannan daban ce, ba ta tsayawa. Bukar ya shigo ba sallama ya ce sojojin ƙasar ne suke faɗa da junansu a tsakiyar gari. Kafin kwana biyu wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe. Aka ce an rufe filin jirgi. Aka ce asibitin da aka yi mini aiki ma ba kowa a ciki. Zaren yana nan a bayana, maganina saura kaɗan. Wannan ma darasi ne: ranar da aka sallame ka, ka sayi maganin da zai kai ka har gida, kada ka ce sai ya ƙare.

Sallah ta zo ta wuce ba wanda ya san an yi ta. Bayan sallar ne labari ya zo cewa an samo motocin da za su kwashe ɗalibai 'yan Najeriya zuwa iyakar Masar.

Ranar tashin motocin, da hantsi surukina ya shigo. Ranar ce kaɗai ya shigo har cikin ɗakin. Ya durƙusa a gefen gado, ya sunkuyar da kai, ya ajiye fasfona a kan katifa. Ya ce, "Baba, motocin ɗalibai za su tashi yau. Sun ce ba za su iya ɗaukar wanda yake kwance ba. Ga su Ummi da yara can hankalinsu a tashe. Ni dai ban san yadda zan yi ba. Ko in zauna?"

Wanda ba ɗan gida ba ne zai ce ai tambaya ya yi. Amma shi a Ƙofar Na'isa aka haife shi, gidansu irin gidanmu ne. Ya san babu surukin da zai dubi mijin 'yarsa ya ce zauna ka mutu tare da ni. Ya san abin da zan ce tun kafin ya durƙusa. Kuma ya san yadda ake yi: babba ya yi kara ya ce tafi, yaro ya mayar da kara ya ce wallahi ba inda za ni. Haka muka ga ana yi, ko a kan ƙwaryar abinci ce, balle a kan rai.

Na ce, "A'a, ka tafi. Allah yana nan."

Na zuba masa ido ina jiran nasa rabin karar.

Ya ce, "To Baba, tunda ka ce haka. Allah ya ƙara sauƙi." Ya miƙe, ya ja da baya cikin ladabi har ƙofa, ya saki labule.

Na daɗe ina kallon labulen nan, ina cewa yanzu zai dawo. Wanda ya ɗaga shi Bukar ne, da kofin shayi a hannu. Ya ce, "Ya tafi ko?" Na ce ni na ce ya tafi. Ya yi tsaki ya ce, "Fulata, kai dai ka cika wauta. Tun da sanyin safiya na ga ya fita da jakarsa ya kai ta wurin motocin. Sallama ya zo yi maka, ba shawara ba."

Ban taɓa jin abu ya soke ni kamar wannan maganar ba, har wuƙar likita. Da ya zo ya ce, Baba tsoro nake ji, zan gudu, wallahi da na yafe masa a wurin, don ni ma tsoron nake ji. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ya zo ya karɓi izini daga bakina, ya yi amfani da kunyata ya buɗe wa kansa ƙofa.

Daga ranar Bukar ya zama mai jinyata. Shi yake juya ni, shi yake goge mini jiki da ɗan ruwan da suka samo, shi yake zubar da fo yana zagina. "Fulata, me kake ci ne haka? Wannan ai ya fi bam ɗin waje!" Ni ma in rama, mu yi dariya har ɗinkin ya yi mini zafi. A gabansa na ci abinci na ƙoshi karo na farko tun da na bar Kano. Ya nemo wata ma'aikaciyar jinya a maƙwabta ta cire mini zaren. Idan Allah ya ba ka zaɓi, ka tafi da abokin wasanka, ko ƙaninka, ko matarka, duk wanda ya taɓa ganinka a wulaƙance bai canza maka fuska ba.

Da harsashi ya fara faɗowa cikin tsakar gidan, Bukar ya ce zama ya ƙare. Zai kai iyalinsa garin Madani wurin 'yan uwa, daga can a san yadda za a yi da ni. Na tuna masa maganar likita a kan hanya mai gargada. Ya ce, "Likitan ma ya bi ta." Ya shimfiɗa katifa biyu a bayan a-kori-kura, ya ɗaure mini ɗamara, shi da wani maƙwabci suka ɗauke ni a miƙe a kan ƙyauren ƙofa suka ɗora. Matarsa da 'ya'yansa mata da jikoki suka zauna kewaye da ni, suka tokare ni da ƙullin kaya don kada in mirgina.

Mun wuce shinge na farko da na biyu lafiya. A na uku, a bayan gari, masu bindigar suka ce kowa ya sauko. Suka ja Bukar gaban mota, hannuwansa a sama, suna zazzage masa aljihu. Matan suka sauka suna nuna ni, suna cewa marar lafiya ne. Wani saurayi da rawani a fuska ya leƙo, ya ɗora mini bakin bindiga a ƙirji, ya yi tsawa. Babu namiji ko ɗaya da zai kama ni. Mutum ɗaya nake buƙata a lokacin, mai ƙarfi a kafaɗa, ya tallafe ni in sauko a miƙe. Mutumin da aka turo don wannan yana can hanyar Masar da shahadarsa.

Na ja jiki zuwa bakin motar, na juya, na laluba ƙasa da ƙafa ban same ta ba. Na faɗo a kan ƙugu, jikina a murɗe. Na ji wani abu ya ce ƙas a bayana, wuta ta tsarga mini har tafin ƙafa, sannan ƙafar ta yi sanyi. Suka bincike katifun ba su sami komai ba, suka ce mu tafi. Da aka mayar da ni na gwada motsa babban yatsan. Na yi ta aika masa saƙo, bai amsa ba.

Sauran tafiyar ba na son tunawa da ita sosai. A Madani muka kwana biyu a gidan 'yan uwan Bukar, suka ba ni gadon mai gidan. Bukar ya bar iyalinsa a can, ya shiga motar haya da ni har Port Sudan, inda aka ce ana kwasar 'yan Najeriya ta jirgi. Ya sa aka ba ni kujerun baya na kwanta, shi ya zauna a ƙasa a kan jakata yana riƙe da ni a duk rami. A Port Sudan na tarar da marasa lafiya irina, kowa da nasa a gefe. Na ga wata tsohuwa 'yar Gombe da ɗanta ya goyo ta a baya yana bin layi da ita. Na kawar da kai.

Ranar da aka kira mu, Bukar ya tura ni a keken marasa lafiya har inda aka tsayar da shi. Na ce, "Babarbare, na 'yanta ka." Ya ce, "Tafi can, gurgun Fulata, ka gaishe mini da Najeriya." Ya juya da sauri yana goge fuska da hannun riga. Lambar wayar da ya ba ni ta daina shiga tun da yaƙin ya isa garin da ya kai iyalinsa. Har yau ina gwadawa.

A Kano likita ya ɗauki sabon hoto, ya daɗe yana kallo. Ya ce ƙarfen ya goce ya ji wa jijiyar rauni. Za a iya sake aiki don zafin ya ragu, amma tafin ƙafar da wuya ya sake ɗagawa. Na tambaye shi keken ɗinki fa? Ya ce in nemi na lantarki, in koya wa ƙafar dama.

Gida ya cika da 'yan barka. A bakinsu na ji labarin da ya riga ni isowa: wai surukina ya yi kuka ya ce ba zai tafi ba, ni na rantse masa da Allah, na ce idan bai tafi ba ban yafe ba. Mutane suna ta yaba mini, wai na yi halin manya. Shi ma ya zo, ya durƙusa a bakin zaure, ya ce, "Baba, sannu da hanya." Na ce yauwa. Ko Sule ban faɗa wa gaskiyar ba, don na san idan ya ji, auren Ummi ba zai kwana ba, ga 'ya'ya ƙanana.

Da mutane suka ragu, Ummi ta shigo da man zafi. Sunan mahaifiyata gare ta, kuma duk cikin 'ya'yana ita ce ba na iya ganin hawayenta. Ta zauna a ƙasa, ta ɗora ƙafar hagun a kan cinyarta, ta fara shafawa. Ta ce, "Baba, ban san da bakin da zan gode maka ba. Ka zaɓi ka zauna kai kaɗai cikin wuta don kada 'ya'yana su zama marayu. Ya ce har korarsa ka yi. Wallahi kullum sai ya faɗa."

Gaskiyar ta zo mini har baki. Na dubi kanta a sunkuye, na haɗiye.

Ta ci gaba da murzawa tana kuka tana godiya. Can ta ɗago ta ce, "Baba, ina fata ban danna da ƙarfi ba?"

Na ce mata a'a, haka ya yi daidai. Ina kallon hannunta a kan ƙafata, amma ban ji shi ba.